Monita Mai Juyawa Don Wasannin Harbi Na Tsaye: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Biya Kuɗi

Tambaya: Ina da Nintendo Switch da PS4, kuma kwanan nan na kamu da son tsofaffin wasannin nan na jiragen yaƙi, irin su Strikers 1945 da Ikaruga. Damuwata ita ce, a talabijin ɗina mai inci 32 wasan yana fitowa ɗan siriri a tsakiya, hagu da dama duk baƙi. An ce mini akwai monita da ake juyawa ta miƙe tsaye. Wace iri ya kamata in saya, kuma me zan duba? Na gode. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Da farko dai kwantar da hankalinka, lafiyar talabijin ɗinka ƙalau, haka wasannin suke. Amsata a taƙaice ita ce ka nemi monita mai inci 24 ko 27, mai gilashin IPS, mai ramin HDMI, wadda ƙafarta ke juyawa, ko kuma take da ramukan noti huɗu a bayanta. Amma kafin ka fitar da ko sisi, sai ka tabbatar wasannin da kake bugawa suna da saitin juya hoto a cikinsu. Bari in warware maka dalilan ɗaya bayan ɗaya, domin idan ka shiga kasuwa ka zaɓa da idonka, kada mai shago ya zaɓa maka.

Inda matsalar ta samo asali

Waɗannan wasanni ba don talabijin na gida aka ƙirƙire su ba. An yi su ne don manyan akwatunan gidajen wasa na Japan, inda mutum ke jefa kwabo ya buga. Tun daga Space Invaders na kamfanin Taito a 1978, zuwa Galaga na Namco a 1981 da 1942 na Capcom a 1984, masu ƙira sun gane cewa idan abokan gaba daga sama suke gangarowa, mai wasa ya fi bukatar tsawo fiye da faɗi, don ya hango abin da ke tafe tun da nisa. Sai suka ɗauki allon wancan zamani, mai awon 4 a faɗi da 3 a tsawo, suka kafa shi a kan gefensa ya koma 3 a faɗi da 4 a tsawo. A kan wannan tsari aka yi Raiden a 1990, Strikers 1945 na Psikyo a 1995, DoDonPachi na Cave a 1997, da Ikaruga na Treasure a 2001. Har ta kai Taito ya ƙera akwatin Egret II a 1996 da wata dabara da ke ba mai gidan wasa damar juya allon, ya miƙar ko ya kwantar, gwargwadon wasan da ya saka.

To, allon yau awonsa 16 ne da 9, wato mai faɗi sosai. Idan aka saka hoto mai tsawo a cikinsa yana kwance, kusan kashi 42 cikin 100 na allon kawai hoton zai ci, sauran ya tafi a banza. Idan ka miƙar da allon, hoton zai ci kashi 75. Ga lissafin da zai fi maka amfani: a talabijin ɗinka mai inci 32, filin wasan bai wuce santimita 30 a faɗi da 40 a tsawo ba. Monita mai inci 24 da aka miƙar za ta ba ka daidai wannan girman, mai inci 27 kuma ta ba ka kusan santimita 34 da 45, irin abin da talabijin mai inci 36 zai bayar a kwance. Ga shi kuma a gabanka take a kan tebur, ba can jikin bango ba. Hoton ma ya fi tsabta, domin a allon 1080p da ke kwance wasan yana samun ɗigo 810 ne a faɗi da 1080 a tsawo, a tsaye kuwa yana samun 1080 da 1440. A wasan da ake yi maka ruwan harsasai, kana ratsawa ta ɗan tsakanin da bai fi kan allura ba a ido, wannan ƙarin tsabta shi ne ribar kuɗinka.

Fara da wasan, kafin monita

Nan ne mutane suka fi yin asara. Kwamfuta mai Windows tana da saitin da zai juya duk abin da ke allo. Switch da PS4 da PS5 da Xbox ba su da wannan. Na'urar ba ta ma san ka juya monita ba, hotonta a kwance take turowa kullum. Wasan ne da kansa zai zana hotonsa a karkace, ta yadda idan ka miƙar da allo sai ya daidaita. Idan masu wasan ba su saka wannan zaɓi ba, duk tsadar monita ba za ta yi maka komai ba.

Saboda haka shiga saitin hoto na kowane wasa ka nemi inda aka rubuta TATE, ko Rotate, ko Vertical. Biyun da ka ambata suna da shi a Switch. Haka tsofaffin wasannin da kamfanin Hamster ke sake fitarwa a jerin Arcade Archives, da Capcom Arcade Stadium na 2021, da na jerin M2 ShotTriggers irin su Battle Garegga a PS4, da wasannin Cave da suka zo Switch a 2021 kamar Mushihimesama. Ka kuma lura, ba duk wasan da jirgi ke tafiya sama ba ne aka yi wa allo mai tsawo. Radiant Silvergun na 1998 da Giga Wing, duk da sama ake tafiya, a allo mai kwance aka tsara su. Irin su Gradius da R-Type kuwa dama daga hagu zuwa dama ake tafiya. Idan yawancin wasanninka irin waɗannan ne, ajiye kuɗinka.

Tunda kana da Switch, kana da hanyar gwaji kyauta. Cire hannuwan biyu daga jikinta, jingina ta a tsaye, kunna saitin juyawa, ka buga na 'yan kwanaki. Akwai ma wani ɗan mariƙi mai suna Flip Grip da aka fitar a 2018 don riƙe Switch ta asali a tsaye. Idan ka ji daɗin haka a ƙaramin allo, ka san babba zai biya bukata.

Abu ɗaya da za ka saba da shi: shafin farko na na'urar zai riƙa fitowa a karkace duk lokacin da allon ke tsaye. Ko dai ka kunna wasan sannan ka juya, ko ka koyi zaɓen wasa da ɗan karkata kai.

Irin gilashin allo

Idan abu ɗaya kawai za ka riƙe daga wannan shafi, to riƙe wannan. Gilashin monita iri huɗu ne a kasuwa: TN, IPS, VA da OLED.

Guji TN. An yi shi ne don a kalle shi a kwance. Daga hagu ko dama yana da dama-dama, amma daga ƙasa ko sama launinsa na sauyawa, kamar shadda mai sheƙi da ke canza haske idan ka karkata ta. Idan ka miƙar da allon, wannan rauni na sama da ƙasa sai ya koma hagu da dama. Gefe ɗaya ya yi duhu, ɗayan ya yi fari-fari, idonka na hagu ya riƙa ganin haske daban da na dama. Bayan ɗan lokaci sai gajiyar ido da ciwon kai. Da yawa daga monitocin gem masu araha na shekarun baya TN ne, don haka kada sunan gem ya ruɗe ka.

IPS shi ne zaɓin da ba ka da fargaba a kansa. Launinsa na nan yadda yake ta kowace kusurwa, kuma a takardarsa za ka ga an rubuta 178 da 178, wato digirin kallo ta gefe da ta sama. Idan ka ga 170 da 160, TN ne.

VA yana da baƙi mai zurfi da ke sa hoto ya yi kyau a ɗaki mai duhu, amma da yawansu suna jan jela idan abu mai haske ya gilma a kan wuri mai duhu. Wannan kuwa shi ne ainihin yanayin wasanninka: ƙananan harsasai masu ƙyalli a kan sararin samaniya baƙi. Kada ka sayi VA sai ka gwada shi da wasan da kanka.

OLED ya fi duka sauri da kyawun baƙi, sai dai tsada, ga kuma haɗarin abin da ya daɗe a wuri ɗaya ya bar tabo a allon. Waɗannan wasanni suna da lambobin maki da adon gefe da ba sa motsi na sa'o'i. Mai hali zai iya saye, ya kashe adon gefen ya rage haske. Wanda yake farawa ba ya bukatarsa.

Jinkiri tsakanin yatsa da ido

Wasannin nan suna tafiya ne a kan hoto 60 a kowace daƙiƙa, ko ɗan ƙasa da haka kaɗan a wasu tsofaffi. Kowane hoto ɗaya yana ɗaukar milisakan 16.7. Idan allo yana riƙe hoto biyu ko uku yana yi musu kwalliya kafin ya nuna, to harsashin da kake gani ya riga ya wuce inda kake ganinsa. Sai ka kauce a kan lokaci amma jirginka ya fashe, ka yi ta zargin hannunka.

Masu sayarwa za su nuna maka 1ms a jikin kwali. Wannan lamba tana magana ne a kan saurin da ɗigo ke sauya launi, kuma ko ita ɗin a yanayi na musamman ake auna ta. Jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da ganin sakamako wani abu ne daban, kuma ba a cika rubuta shi a kwali ba. Ɗauki lambar samfurin monitar ka bincika a shafukan da ke aunawa da na'ura, irin su RTINGS, ka duba awon jinkiri a 60Hz. Idan bai kai tsawon hoto ɗaya ba, ta yi. Ka kula da 60Hz ɗin musamman, domin akwai monitoci masu 144Hz ko 165Hz da ke da sauri a can sama amma su yi nauyi idan an saukar da su 60, inda kai za ka zauna kullum. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Idan ka kawo ta gida, kashe duk wani saitin gyaran hoto da ƙara santsin motsi. Saitin da ake kira Overdrive ko Response Time ka bar shi a matsakaici, domin idan ka ƙure shi za ka ga wata farar inuwa tana bin kowane harsashi. Kafin ma ka sayi komai, duba ko talabijin ɗinka yana da Game Mode ka kunna, zai rage jinkirin sosai.

Girma da yawan ɗigo

Monita mai inci 24 idan ta miƙe tsawonta ya kai santimita 53, mai inci 27 kusan 60, mai inci 32 kusan 71, ban da ƙafa. A kan tebur, inda idonka bai fi taƙi uku ko huɗu daga allo ba, 24 da 27 ne ke barin ka ga duk filin ba tare da ɗaga kai da sunkuyarwa ba. Wannan yana da muhimmanci, domin idonka na kan jirginka a ƙasa, gefen ido kuma na lura da abin da ke fitowa daga sama. Mai inci 32 tana ba da kusan girman allon akwatunan Japan masu inci 29 irin su Astro City na Sega, amma sai ka ja kujera baya, kuma ba kowace ƙafa ke iya miƙar da ita ba.

A batun ɗigo, 1080p ya wadatar. Switch ta farko da PS4 na asali iyakarsu ke nan. PS5 ya samu damar 1440p a 2022, Xbox Series ma yana da ita. Da yawa daga tsofaffin wasannin an zana su ne a kan ɗigo 240 a faɗi da 320 a tsawo, don haka 1440 yana rabuwa daidai sau 6, 2160 na allon 4K kuma sau 9, abin da ke sa hoton ya fito tsaf idan wasan da na'urar sun ba da dama. Ƙari ne mai kyau ga mai sabuwar na'ura, amma ba abin da za ka ci bashi a kansa ba. HDMI 2.1 ma ba ka bukatarsa a nan.

Kada ka sayi mai lanƙwasa, kada kuma ka sayi doguwar nan mai awon 21 da 9. Mai awon 16 da 10 tana yi, da sharaɗin tana da saitin da ke hana ta ja hoton ya cika allo, in ba haka ba da'ira sai ta koma ƙwai.

Ƙafar da za ta juya

A takardar monita za ka ga kalmomi huɗu game da ƙafa, kuma masu shago kan cakuɗa su. Tilt ɗan sunkuyawa ne gaba da baya. Swivel waiwaye ne hagu da dama. Height hawa da sauka ne. Wadda kake nema ita ce Pivot, ita ce juyawar digiri 90 daga kwance zuwa tsaye. Kada ka yarda da baki, sa a juya a gabanka.

Duba kuma ta wane gefe take juyawa. Ƙafafu da yawa gefe ɗaya kawai suke yi. Sababbin fitowar wasannin kan ba ka zaɓin kowane gefe, amma wasu tsofaffi gefe ɗaya suka sani, kuma idan ya saɓa da na ƙafarka sai hoton ya fito kai a ƙasa. Ƙafa mai juyawa ta ɓangarori biyu, irin ta wasu samfuran Dell na ofis, ta raba ka da wannan damuwa.

Idan ka samu monita mai kyawun gilashi amma ƙafarta ba ta juyawa, leƙa bayanta. Ramukan noti huɗu masu tazarar milimita 100, ko 75, su ne ma'aunin VESA. Da su za ka iya ɗaura ta a kan hannun ƙarfe da ake maƙalawa a bakin tebur, wanda yake juyawa duk inda kake so. Tabbatar hannun zai ɗauki nauyinta, teburin kuma katako ne mai ƙwari.

Wajen juyawa, ɗaga allon zuwa ƙarshen tsawonsa, ɗan kwantar da shi baya, sannan ka juya a hankali da hannu biyu, don kada kusurwarsa ta daki tebur. Bar wa wayoyin sarari. Waya mai ɗamewa ita ce ke lalata ramin HDMI, na monita ko na na'urar, gyaran na na'urar kuwa ba arha.

Ramukan waya da sauti

Na'urorinka ta HDMI kawai suke fitar da hoto. Tsofaffin monitocin ofis da yawa ba su da shi, sai VGA da DVI da DisplayPort. Daga HDMI zuwa DVI ƙaramin mahaɗi ya isa, hoto zai fito amma babu sauti. Wayar nan ta DisplayPort zuwa HDMI da ta cika kasuwa hanya ɗaya take aiki, daga kwamfuta zuwa talabijin, ba za ta kai hoton PS4 cikin ramin DisplayPort ba. Mafi sauƙi dai ka dage sai mai HDMI.

Monitoci da yawa ba su da lasifika. Masu ita ma, idan an miƙar da su, sautin hagu da dama sai ya koma sama da ƙasa. Nemi mai ramin abin sauraro na kunne a baya don ka haɗa ƙananan lasifikoki, ko ka yi amfani da ramin da ke jikin hannun PS4, ko wanda ke saman Switch.

Ga masu tsofaffin na'urori

Mai Saturn ko PlayStation na farko ko PS2 ko Dreamcast yana bukatar na'urar da za ta mayar da hotonsu HDMI. Ƙananan akwatunan nan masu araha suna ƙara jinkiri kuma suna dagula hoton. OSSC da RetroTINK don wannan aiki aka yi su. Wanda kuma yake son kafa tsohon talabijin mai ƙaton baya a gefensa, ya kashe shi ya cire wuta tukuna, ya juya, ya tokare shi sosai, ya bar ramukan shan iska a buɗe, ya jira ya huce kafin ya kunna. Idan ba haka ba maganaɗisun ƙasa zai sa launi ya ɓaci a kusurwoyi. Kada a yi wannan a ɗakin da yara ke shiga, nauyinsa ba na wasa ba ne. Babban talabijin na zamani ma ba don tsayuwa aka tsara hanyar fitar zafinsa ba, ga zafin ƙasarmu, don haka ban ba ka shawarar miƙar da naka ba.

Ranar sayayya

Albishirinka, abin da kake nema ya fi yawa a cikin monitocin ofis na hannu, irin na Dell da HP da Lenovo, domin akantoci da masu rubuta manhaja sun daɗe suna miƙar da allo don karanta dogayen takardu. Da yawansu IPS ne, ƙafarsu kuma mai ƙwari. Sai dai sau da yawa ana kawo su an raba su da ƙafarsu ta asali, don haka tabbatar wadda aka haɗa maka tana hawa tana juyawa.

Tafi da Switch ɗinka da mazauninta da wayar HDMI. Karanta lambar samfurin a bayan monitar ka bincika irin gilashinta a wayarka, nan take. Sa a miƙar da ita, zauna a gabanta, rufe ido ɗaya sannan ɗayan, ka ga ko hasken ya bambanta. Buɗe farin hoto da baƙi ka nemi matattun ɗigo, layi, ko tabon haske a gefe. Sannan ka buga wasan da hannunka ya saba da shi na 'yan mintuna, za ka ji idan akwai nauyi. Ka kuma yi yarjejeniya da mai shago a kan kwanakin da za ka iya dawo da ita idan matsala ta ɓulla. Siyan na gari, mayar da kuɗi gida.

Idan kuɗin sun ragu, kada ka ƙara su a kan girman allo. Sayi abin kare na'ura daga wuta mai hawa da sauka, da hannun wasa mai waya ko sandar wasa irin ta gidajen gem, da ƙyallen rufe monitar saboda ƙurar hunturu. Monita mai inci 24 yawanci ba ta cin wutar da ta wuce wat 20 zuwa 30, don haka ƙaramar inbata ko sola za ta riƙe ta tare da Switch ba wahala. Allah ya sa ka dace da mai kyau.